DAMUWA DA LAFIYAR FALKE: YADDA MATSIN KASUWA KE CIN JIKI, DA HANYOYIN SAUƘAƘA SHI

 A wannan fitowa filinmu na kiwon lafiya zai yi magana ne a kan wata cuta wadda ba a ganinta da ido, ba ta kuma kwantar da mutum rana ɗaya, amma tana cin jiki a hankali kamar yadda gara ke cin azara. Wannan cuta ita ce yawan damuwa, watau matsin zuciya da tunani, abin da likitoci ke kira sitires.

Dalilin ɗauko wannan magana shi ne, da wuya ka sami zango daga Maraɗi har Abijan wanda ba a taɓa jin an ce wane ya yanke jiki ya faɗi a kara ba, ko kuma wane ya kwanta lafiya lau an wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye. Sai ka ji ana cewa ai jiya ma mun yi ciniki da shi, ko ciwon kai bai yi ba. To, sau da yawa ciwon ya daɗe yana aikinsa a ɓoye, mai shi ne bai sani ba. Falke kuwa in ya faɗi, ba shi kaɗai ya faɗi ba. Akwai iyali a gida, akwai yaran kora, akwai makiyayan da suka ba shi shanu bisa amana, akwai kuma kuɗinsa da ke hannun mahauta wanda sau da yawa shi kaɗai ya san lissafinsa.

ABIN DA KE FARUWA A CIKIN JIKI

Alhaji, ka tuna ranar da bijimi ya tsinke igiya ya yo kanka. Kafin ka yi wani tunani ka riga ka tsallake shinge, gabanka na dukan uku-uku, bakinka ya bushe, gumi ya keto maka. Abin da ya faru shi ne, ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, ta aika saƙo zuwa wasu 'yan tsoka guda biyu ƙanana waɗanda ke zaune bisa kan ƙoda kamar hula. Su kuma nan take suka zuba wani sinadari mai suna adirenalin a cikin jini. Shi ne ke sa zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, numfashi ya yi sauri, hanta ta saki sukari domin ƙarfi, jini ya rage zuwa ciki ya koma ƙafafu da hannuwa. Bayansa da 'yan mintoci sai wani sinadarin mai suna kotizol ya biyo, aikinsa shi ne ya riƙe sukari a cikin jini, ya kuma sassauta ayyukan da ba na gaggawa ba, kamar narkar da abinci, da yaƙi da ƙwayoyin cuta, da sha'awar iyali.

Wani masani Ba'amurke mai suna Walter Cannon shi ya bayyana wannan shiri na jiki a 1915, ya nuna cewa jiki yana yin haka ne domin mutum ya yi faɗa ko ya gudu. Ashe ke nan abin rahama ne, don da babu shi da bijimin ya same ka a tsaye. In haɗari ya wuce, sai komai ya koma daidai cikin ɗan lokaci.

Inda gizo ke saƙa shi ne, jiki bai san bambancin bijimi da bashi ba. Tunanin mahaucin da ya karɓi shanu goma bai biya ba, ko tirelar da ta kwana biyu a kan iyaka, yana tayar da waɗannan sinadarai kamar yadda bijimi ke tayar da su. Bijimi minti biyu ne an kama shi, amma bashi yana iya kai wata shida, dare da rana. A 1936 wani likita mai suna Hans Selye, wanda ke aiki a birnin Montireyal na ƙasar Kanada, ya yi gwaji da ɓeraye, ya riƙa sa su cikin wahala iri-iri kamar sanyi da gajiya. Ya tarar ko wace irin wahala ce, in ta daɗe, sakamakon ɗaya ne: tsokokin nan na kan ƙoda sun kumbura, sassan da ke kare jiki daga cuta sun motse, ciki kuma ya yi gyambo. Daga baya ya kasa al'amarin mataki uku, watau matakin firgita, da matakin jurewa, da matakin ƙarewar ƙarfi. Yawancinmu muna rayuwa ne a mataki na biyu, muna jurewa muna cewa lafiya lau, har ranar da na uku zai zo ba sallama.

SHANU MA SUN ISHE MU DARASI

Wannan bayani ba baƙo ba ne ga mai harkar dabbobi. Kowa ya san san da aka loda daga Fada Ngurma ko Segu da ƙibarsa, ba haka yake sauka Abijan ba. Tsayuwa a mota, da ƙishirwa, da tsoro, da cunkoso suna zubar masa da nama. Wasu kuma bayan saukarsu da kwana kaɗan sai su kama tari da zazzaɓi, domin wahalar hanya ta raunana garkuwar jikinsu, ƙwayoyin cutar huhu sun sami ƙofa. Likitocin dabbobi sun daɗe da sanin wannan ciwo na bayan tafiya. Haka nan mahauta sun san san da aka yanka a gajiye namansa yakan yi duhu, ya yi tauri, ya kuma yi saurin lalacewa, saboda sukarin da ke ajiye a cikin tsokarsa ya ƙare tun yana raye. Shi ya sa mai hankali yake hutar da dabba, ya ba ta ruwa da ciyawa kafin ya kai ta gaban mai saye.

To, jama'a, sinadaran da ke yi wa sa wannan aiki su ne dai ke cikin jikin mai san. Abin mamaki shi ne, falke zai biya kuɗin ruwa da na ciyawa don shanunsa su huta, amma shi da ya biyo su a kan hanya ɗaya, bai yi barci ba, bai ci abin kirki ba, sai ya sauka ya faɗa ciniki kai tsaye.

DAGA INA DAMUWAR FALKE KE FITOWA?

Na farko hanya. Daga Wagadugu zuwa Abijan ya haura kilomita 1,100, wanda ya taso daga Nijar kuwa nasa ya fi haka nesa. Ko ta Nyangoloko ka shigo daga Burkina, ko ta Zeguwa da Pogo daga Mali, sai ka bi Wangolo, Ferke, Buwake, Yamusukuro, kowane wuri da shingensa da takardunsa. Kayanmu kuwa ba buhun siminti ba ne da zai jira. Kowace awa da mota ta yi a tsaye, dukiya ce ke raguwa, in saniya ta kwanta aka tattake ta, riba ta tafi. Ga kuma rashin tsaro da ya addabi hanyoyin Mali da Burkina da yammacin Nijar a shekarun nan, wanda ya sa mutum yana tafe ransa na hannunsa.

Na biyu bashi. Cinikin shanu a kudu tun kaka da kakanni bisa bashi yake tafiya: dillali ya tsaya wa falke, mahauci ya ɗauka, ya yanka, ya sayar, sa'an nan ya biya. Falke na zaune a masauki a Tireshibil ko Ajame yana ƙirga kwanaki, kuɗin abinci na fita, kasuwar gida na wucewa, waɗanda suka ba shi dabbobi suna bugo waya. Bahaushe ya ce bashi hanji ne yana cikin kowa, amma na falke ya fi na kowa tsawo.

Na uku abubuwan da suka fi ƙarfinmu. Dattawa sun tuna watan Janairu 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, wanda ya kwana da kuɗi a hannu ya tashi da rabin ƙarfinsu wajen sayen kayan waje, ko da yake shanun arewa sun sami kasuwa saboda daskararren naman Turai ya yi tsada. Ranar 19 ga Satumba 2002 rikici ya ɓarke a Kodebuwa, ƙasa ta rabu biyu, jirgin ƙasa da ke sauka tashar Tireshibil ya tsaya wata da watanni, fatake da yawa suka koma zagayowa ta Gana. A watan Maris 2020 aka rufe iyakokin ƙasa ga matafiya saboda cutar korona, ba a buɗe na Kodebuwa ba sai Fabrairu 2023. A 2022 ƙungiyar ECOWAS, wadda nan aka fi sani da CEDEAO, ta sa wa Mali takunkumi daga Janairu zuwa Yuli, Nijar ma ta sha nata daga ƙarshen Yuli 2023 zuwa Fabrairu 2024. Ranar 1 ga Yuni 2024, ana saura mako biyu Babbar Salla, aka yi arangama a mayankar Porbuwe a kan umarnin mayar da kara zuwa wani fili a Ajame. A watan Mayu 2025 kuma gwamnatin Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi waje gab da Salla. Ko wanne daga cikin waɗannan ya sami wani da kaya a hanya da bashi a wuya.

Na huɗu zaman birnin kansa. Hayaniyar tashar Ajame, cunkoson gbaka da woro-woro, jiran tsallake gada zuwa Tireshibil, zafi mai gumi wanda ɗan Sahel bai saba da shi ba, kwana mutum shida a ɗaki ɗaya ga sauro, ga kewar iyali.

ILLOLIN DA TAKE YI

Zuciya da jini. Duk lokacin da hankali ya tashi jini yakan hau, in ya kwanta ya sauka. Hawan jini na dindindin kuwa yana da dalilai da yawa, akwai gado, akwai shekaru, akwai yawan gishiri da ƙiba, damuwa tana ƙara wa wutar itace ne, ta kanta da kuma ta hanyar ɗabi'un da take jawowa. Wani babban bincike mai suna INTERHEART da aka buga a 2004, wanda ya shafi ƙasashe 52, ya nuna cewa masu fama da matsi na kullum a wurin aiki haɗarin bugun zuciya gare su ya kai kusan ninki biyu na waɗanda ba su da shi. Haka kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki gare shi ya fi na mai aikin awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100. Sai kowa ya ƙirga awowinsa a makon Salla.

Abin tsoro game da hawan jini shi ne, galibi ba ya ciwo. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce babba ɗaya cikin uku a duniya yana da shi, kuma kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Yana nan yana ɓata jijiyoyin ƙwaƙwalwa, da ƙoda, da ido, mutum na yawonsa.

Ciwon sukari. Tun da aikin kotizol shi ne ya riƙe sukari a jini, mai ciwon sukari zai ga awonsa yana hawa a lokacin tashin hankali ko da bai sauya abinci ba. Wanda kuma ke da gadon ciwon, yawan damuwa da ƙarancin barci da tumbi suna matso masa da shi kusa.

Ciki. Ƙwannafi, kumburin ciki, zawo ko taurin bayan gida, da rashin son abinci duk suna biyo damuwa. Amma a lura, gyambon ciki, watau olsa, galibi wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a 1982, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Dalili na biyu shi ne yawan shan ƙwayoyin ciwon jiki. Damuwa tana tsananta raɗaɗin, amma maganin gyambon yana asibiti, a yi awo, in ƙwayar ce a sha magani na kamar mako biyu.

Garkuwar jiki. A 1991 aka buga wani gwaji da aka yi a Ingila, inda aka ɗiga wa mutum kusan 400 masu lafiya ƙwayar mura a hanci. Waɗanda suka fi damuwa su suka fi kamuwa. Wannan shi ne ciwon bayan tafiya irin na mutane, shi ya sa da an gama hada-hadar Salla sai ka ga fatake suna kwanciya ɗaya bayan ɗaya.

Barci da hali. Mutum ya kwanta ido biyu yana lissafi, ko ya farka ƙarfe uku na dare barci ya ƙi dawowa. Da safe ga ciwon kai, ga taurin wuya da kafaɗa, ga mantuwa. Wanda bai yi barci ba kuwa shi ke kuskuren ƙirga kuɗi, shi ke sallama sa a ƙasa da kuɗinsa don ya gaji da ciniki, shi ke zagin yaronsa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Direba marar barci kuma ya ɗauki ran kowa a hannunsa. A gida ma uwargida da yara su ke shan faɗan da mahauci ya jawo. Har ila yau damuwa tana rage ƙarfin namiji wajen iyali, abin da mutane da yawa ke jin nauyin faɗa, alhali hawan jini da sukari ma suna kawo shi, don haka dalili ne na zuwa awo.

MAGANIN DA KE ƘARA CIWO

Da yawa cikinmu in gajiya ta zo sai mu nemi abin da zai ture ta. Goro, kofi mai kauri a teburin aboki, shayin ataya zagaye uku, lemun gwangwani mai sa kuzari, duk sinadari ɗaya ne a cikinsu, sunansa kafin. Kaɗan ba laifi, amma rabin abin da ka sha yana nan a jini bayan awa biyar, watau goron bayan magariba yana nan tare da kai har tsakar dare. Taba kuwa tana matse jijiyoyin jini, natsuwar da take bayarwa ta minti biyar ce, ɓarnarta ta shekaru.

Mafi haɗari su ne ƙwayoyi. Tiramol magani ne mai ƙarfi na ciwo wanda likita kaɗai ya kamata ya rubuta, yana kama mutum har ya kasa bari, yawansa kuma yana sa mutum ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Masu shanu su sa ido a kan yaran mota da yaran kora, don su aka fi ruɗa da shi. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen, in ana shansu kullum, suna ƙwaƙule ciki, suna hawar da jini, suna kuma taɓa ƙoda. Maganin ƙarfin maza da ake sayarwa a leda, ba a san abin da ke ciki ba, in ya haɗu da wasu magungunan zuciya yana iya faɗar da jini har mutum ya suma ko ya rasa ransa. Kasuwar Roxy ta Ajame ta yi suna wajen maganin tebur, hukuma ta sha kai samame can. Arha ne, amma maganin da ya kwana cikin rana, ko na jabu, kuɗinka kawai zai ci. A sayi magani a farmasi.

HANYOYIN SAUƘAƘAWA

Ba wanda zai ce wa falke ya daina damuwa, don sana'ar tafe take da ita. Abin da za a iya shi ne a rage mata ƙofofi, a kuma ƙarfafa jikin da ke ɗaukarta.

1. Ka san awon jininka. Minti biyar ne, kusan kowace farmasi a Tireshibil da Ajame tana yi da kuɗi kaɗan. Ka zauna ka huta tukuna, kada a auna ka kana fitowa daga ciniki ko bayan cin goro. In an sami 140 bisa 90 ko fiye, abin da ma'aikatan nan ke faɗa 14/9, a ranaku biyu dabam-dabam, to, ka ga likita. In an ɗora ka bisa magani, ba a barinsa don an ji sauƙi, kuma ka sayi wanda zai ishe ka tafiya da dawowa kafin ka hau hanya. Wanda ya haura shekara 40 ya haɗa da awon sukari.

2. Ka rubuta bashi. Rabin rashin barcin falke daga lissafin ka yake fitowa. Ka sami littafi, ka rubuta sunan mai saye, yawan dabbobi, kuɗi, ranar biya da shaidu, dillali ya sa hannu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ka kuma nuna wa mutum ɗaya amintacce, ɗa ko ƙane, inda littafin yake. Abin da ke takarda ba sai ƙwaƙwalwa ta kwana tana gadinsa ba.

3. Kada ka zuba dukkan jarinka a mota ɗaya. Mutum uku su haɗa tirela uku, kowa da kasonsa a kowace, ya fi kowa ya cika tasa shi kaɗai. In ɗaya ta sami matsala, ba wanda ya durƙushe. Haka nan kada a ba mahauci ɗaya dukkan kaya komai daɗin bakinsa, kuma a ware wani abu gefe wanda ba a taɓawa sai ranar tsiya.

4. Ka rage yawo da tsabar kuɗi. Mai miliyoyi a lalita ba ya barci a mota. Akwai banki, akwai aika kuɗi ta waya irin su Orange Money da Wave, sai dai a kiyaye lambar sirri, kada a faɗa wa kowa ita ko da ya ce daga kamfani yake.

5. Ka gama takardu kafin lodi. Takardar likitan dabbobi, ta duwan, katin shaida da takardun mota su kammala, ka kuma bugi waya ka ji halin hanya da farashin kara kafin ka taso. Jayayya a shinge da takarda cikakkiya ta fi sauƙi.

6. Ka ba barci haƙƙinsa. Babba yana bukatar awa 7 ko fiye. In dare bai samu ba, ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan azahar tana taimakawa. A bar goro da kofi daga la'asar, a shiga gidan sauro, a kuma ajiye waya. In ka sauka daga doguwar tafiya, ka huta kamar yadda kake hutar da shanunka. Tafiya mai nisa kuma a sa direba biyu.

7. Ka kula da abin da kake ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, watau kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen Maggi. Garba, acheken nan da soyayyen kifi wanda aka ce sunansa ma daga 'yan'uwanmu masu sayar da shi ya samo asali, yana da daɗi da arha, amma mai da gishirinsa sun yi yawa ga mai cinsa kullum. Ka ce kada a barbaɗa maka dunƙule, ka ƙara tumatir da albasa. Abijan ba ta rasa lemu, ayaba, gwanda da abarba. A rage sukari da madarar gwangwani a shayi, a yawaita ruwa.

8. Ka motsa jiki. Makiyayi yana tafiya, amma babban falke da dillali zama suka fi yi a kan benci. Tafiyar sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, ita ce minti 150 da likitoci ke so. Bayan asuba kafin rana ta yi zafi ya fi.

9. In rai ya ɓaci, ka ja numfashi. Ka zauna, ka shaƙa ta hanci a hankali kana ƙirga huɗu, ka fitar a hankali kana ƙirga shida, ka maimaita har minti biyu ko uku. Dogon fitar da numfashi yana rage gudun zuciya. Kada ka yanke ciniki ko ka yi rantsuwa a cikin fushi, ka ce a bari sai an jima. Sallar da aka yi da natsuwa, ba ta sauri ana leƙen kara ba, tana ba zuciya irin wannan hutu har sau biyar a yini.

10. Ka faɗa wa wani. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne, sirrin kasuwa sirri ne. Amma wanda ya yi asara ya haɗiye shi kaɗai don gudun a ce ya karye, yana haɗiyar abin da zai fito masa ta wata hanya. Ka sami amini ɗaya, ko mai masaukinka, ko malaminka, ka sauke masa. Ka kira gida don a gaisa, ba sai ranar aika kuɗi ba. Mu kuma in mun ga ɗan'uwa ya yi shiru, ya daina zama cikin mutane, ya rame, mu je mu same shi. Asusun taimakon juna da sasanta rikicin bashi a gaban dattawan zango suna cikin manyan magungunan damuwa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

ALAMUN DA BA A JIRA DA SU

In baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta mutu, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, wannan shanyewar ɓarin jiki ce ta fara. In kuma ƙirji ya yi nauyi kamar an ɗora dutse, ciwon na tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, ga gumi da ƙarancin numfashi, zuciya ce. A irin wannan hali kada a tsaya shafa mai ko hayaƙi, kada a ɗura wa mutum ruwa ko rubutu a baki don zai iya shaƙewa, kada kuma a ce a bari a kai shi gida arewa. A yi asibiti nan take, a riƙe lokacin da abin ya fara, domin maganin narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa yana aiki ne cikin awa huɗu da rabi na farko. A Abijan lambar motar agajin likitoci, watau SAMU, ita ce 185, ta 'yan kwana-kwana kuma 180. Babban asibitin koyarwa na Tireshibil yana nan, kuma a harabarsa Cibiyar Ciwon Zuciya ta Abijan take. A Ajame kuma akwai Cibiyar Kiwon Lafiyar Jama'a ta Ƙasa, INSP, mai sashen masu ciwon sukari da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa.

Haka nan in baƙin ciki ya kai mako biyu bai ɗaga ba, mutum ba ya jin daɗin komai, ba ci ba barci, yana ganin kansa ba shi da amfani, ko har yana cewa gara ya mutu ya huta, to, wannan ciwo ne mai magani, ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Kada a bar shi shi kaɗai, kada a yi masa gori, a raka shi wurin likita. Malamanmu sun sha faɗa cewa tawakkali ba ya hana neman magani.

A ƙarshe muna roƙon shugabannin rassa su karanta wa waɗanda ba su iya boko ba wannan bayani a wurin taro, su kuma duba yiwuwar sayen na'urar awon jini guda ɗaya a ajiye a kowane masauki, kuɗinta bai kai na ɗan tunkiya ba. Kai kuma Alhaji, kafin ka yi lodi na gaba, ka tsaya farmasi a auna ka, ka rubuta awon a bayan littafin bashinka tare da kwanan wata. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a kasuwa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.